Kafin Magina Su Shafe Bango

Azare, ranar Litinin.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a zaune da tafe, ya yi maka albarka.

Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da katanga ɗaya ce ta raba ɗakinsa da naka. Dalilin ka san shi. Kai ne ɗan fari, ga sunan mahaifina a kanka, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Duk abin da nake so ka ji, goggonka nake gaya wa ta kai maka. To wannan maganar ta fi ƙarfin goggonka. In na ce mata bututu, kafin ta ƙetare tsakar gida ya zama buta. Shi ya sa na ɗauki biro. Ka yi haƙuri da rubutun, hannu yana rawa, amma kai bai ruɗe ba.

Jiya goggonka ta gaya mini ka ce ba za ka tafi Bauchi ba sai na warware daga tarin nan. Ta kuma ce injiniyan da ya ba ka aikin ya aiko cewa Asabar ta sama magina za su fara shafe bango. Tsohon bene ne ake gyarawa a mai da shi makarantar koyon kwamfuta, kai aka ba shimfiɗa wayoyin da za su haɗa na'urorin, kuma shi ne aiki na farko da aka ba ka da sunanka, ba a ƙarƙashin wani ba. In ka zauna jinyata har aka shafe bangon nan bututun da wayoyinka za su bi bai shiga ba, aikin ya lalace tun kafin ka taɓa shi. A kan wannan nake rubuto maka.

Ni ban san kwamfuta ba. Ranar da ka bar guntun wayarku a kan tabarma na ɗauka na feɗe ta da reza, na ga jijiya takwas a murɗe biyu-biyu. Tamu ta tarho da na yi shekaru ina ja a ƙasar Katagum jijiya biyu ce kawai. Yanzu ma salula ta shigo, tarhon tebur ya zama abin ajiye hula. Amma bango bai sake ba, ɓera bai sake ba, magini ma bai sake hali ba. Saboda haka zan gaya maka wuraren da na yi tuntuɓe, ka duba ko akwai abin ɗauka.

Ina sabon ma'aikaci aka tura ni Dambam in sa wayoyi a wani ofis da ake ginawa. Lokacin kaka ne, geronmu na Gadau ya nuna. Na ce a raina gini ba ya gudu, bari in taya su girbi kwana huɗu. Kwana huɗu suka zama tara. Da na isa da kekena da nadin waya a baya, na tarar bango sumul, an shafe ciki da waje, har ya fara bushewa. Babban birkilan, wani dattijo Malam Isa, yana zaune a kan bulo yana cin goro. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Mai waya ne? Sannu da zuwa. Ɗaurin aure aka gayyace ka, ga shi har an yi suna."

Na ce, "Malam, ai ɗan wuri kaɗan zan fasa."

Ya ce, "Fasa mana. Bangon ubanka ne."

Na ɗauki guduma na shiga sassaƙar aikin da mutum ya yi sati yana gogewa. Kwana uku ina yi yana kallona. Da aka cike ramukan, tabon ya ƙi ɓoyuwa, an yi fenti sau biyu yana nan kamar tsagar fuska. Shekaru bayan haka in na shiga ofishin nan, idona ba ya zuwa ko'ina sai kan layin da na tsaga.

Don haka ka riga siminti isa. Ka sauka ka nemi babban birkila kafin ka nemi masauki. Ka gaishe shi da girmansa, ka ci abinci inda suke ci. Sannan ka ɗauki alli ku zaga ɗaki ɗaki tare, kana zana masa a jikin bulo inda bututu zai bi da inda soket zai zauna. Abin da ka zana a gabansa zai kiyaye maka, abin da ka bari a takarda zai shafe da siminti, kuma ba laifinsa ba ne. Tunda tsohon gini ne, ka ƙwanƙwasa bango ka saurara kafin ka tsaga, don akwai tsofaffin wayoyin wuta da bututun ruwa da babu wanda ya tuna da su. Ginshiƙi kuwa kada ka taɓa shi ko injiniya ya juya baya. Ka zagaye.

Tuntuɓe na biyu ƙyuya ce ta ja mini. A wani ofis nan cikin Azare na tarar mai lantarki ya riga ya binne bututunsa, da sarari a ciki. Na ce me zai sa in sha wahala, na zura tawa wayar a gefen tasa. Ranar gwaji babu wuta a gari, murya ta fito tangaram, aka yi ta sa mini albarka. Washegari aka kawo wuta. Tarho ya kama ƙugi kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Magatakardan ofishin, mutum mai sanyin hali, ya koma yin waya da ihu, har masu sayar da rake a bakin titi sun san abin da ake ciki a ofis. Shi ya fara ce mini Sarkin Zuma, sunan ya bi ni shekara biyu. Na san kun karanta wannan a makaranta, amma ranar da ka gaji, ga bututun wani a buɗe, karatu yakan yi nisa. Wayar magana da wayar wuta ba sa kwana ɗaki ɗaya. Ka ba su tazara ko da kamu guda ne. In dole su haɗu, su gicciye juna su wuce, kada su jera. Ka nisanci ɗakin janareta da dogayen ƙwayayen fitilar nan na silin. Kuma kada ka ce ka gwada aiki sai ka gwada shi da wuta a kunne da janareta yana aiki.

Kuskuren da ya fi zama mini a rai shi ne na gidan wani Alhaji mai fataucin fata, Allah ya ji ƙansa. Zan ba ka shi da tsawonsa, don babu littafin da zai koya maka shi.

Alhaji ya rushe ginin ƙasa yana mai da shi na bulo, ya ce yana son tarho huɗu: ɗaya a shagonsa da ke jikin gidan ta waje, ɗaya a ɗakin baƙi kusa da zaure, ɗaya a turakarsa, ɗaya a ɗakin Hajiya matarsa. Duk wayoyin nan dole su haɗu a akwati guda, daga nan su fita zuwa turken titi. Na auna da kyau, na ga ɗakin Hajiya ne a tsakiya, in na sa akwatin a nan kowace waya za ta yi gajarta. Alhaji da kansa ya shige gaba yana cewa, "A kauce, ma'aikata za su shigo." Na kafa akwatin a bayan ƙofarta, sama da inda take jera kwanoni. Aiki ya yi kyau, har oganmu ya kawo wasu su gani. Ban tambayi kowa ba, ita kuma ban ko ji muryarta ba.

Bayan shekara uku Alhaji ya rasu da damina. Ba a yi sadakar bakwai ba ruwa ya bi ta tsagar rufi ya shiga akwatin, tarho huɗun nan suka mutu lokaci ɗaya. 'Yan'uwa na nesa suna neman yin ta'aziyya babu hali. Abokan ciniki daga Kano da Maiduguri suna buga shago ba sa samu, har wasu suka ɗauka an rufe harkar. Babban ɗansa ya zo har gida ya ɗauke ni. Gyaran bai fi na rabin sa'a ba. Sai da muka isa ƙofar tsakar gida na tuna inda na kafa akwatin. Hajiya ta shiga takaba, kuma a ɗakin nan take zaune.

Wata tsohuwa, yayar marigayin, ita ke zama da ita. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da carbinta.

Ɗan ya ce, "Goggo, Hajiya ta ɗan koma wancan ɗakin, mai waya ya shiga ya fito."

Ta ce, "Wane ne zai shiga?"

"Mai waya."

"Mace ce?"

"Haba Goggo."

"To namiji bai shiga ɗakin mai takaba a gidan nan. Ko uban waya ne."

Aka je aka tambayi limamin unguwa, ya ce addini bai hana ta koma wani ɗaki na ɗan lokaci ba. Aka kawo wa tsohuwa wannan magana. Ta ce ta ji, Allah ya ƙara wa Malam ilimi, in ya tashi mutuwa sai a yi haka a gidansa. Ita Hajiya kuwa ba ta so a yi jayayya a kanta cikin makoki, ta ce a bar yadda yaya ta ce.

Ƙarshe ga abin da muka yi. Tagar ɗakin tana kallon wani lungu ta waje. Na tsaya a lungun, na juya wa tagar baya, na miƙa sukudireba ta kafaɗa. Babbar 'yar gidan, malamar makaranta ce mai 'ya'ya uku, ta hau turmi ta buɗe akwatin. Ina faɗa tana yi.

Na ce, "Malama, ki kwance jar wayar da ke hannun dama."

Ta ce, "Babu ja a nan, duk sun zama kore."

Tsohuwa daga ciki ta ce, "Ka ji, shi ma bai san abin da ya ɗaura ba."

Mun fi sa'a biyu a haka, mutanen lungu sun taru suna kallon ma'aikacin gwamnati yana magana da bango. Tsatsa ta cinye bakin wayoyin, abin ya ƙi. Dole na jawo sabuwar waya daga turke ta saman katanga zuwa shago, tana reto kamar igiyar shanya. Sauran ukun suka zauna a mace wata huɗu da kwana goma.

Ranar da Hajiya ta fita takaba aka kira ni na gyara. Ina haɗa kayana a zaure sai 'yar ta fito da kwanon fura, ta ce, "Hajiya tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka, da ka tambaye ta tun farko, da ta gaya maka ɗakin mace ba hanya ba ne." Na sha furar, na mayar da kwano. Washegari na dawo na mai da akwatin zaure, inda ya kamata ya zauna tun ranar farko.

Babana, awo ya gaya mini inda waya za ta yi gajarta, bai gaya mini wanda zai iya shiga ba. Ku ma kuna da akwatin da duk wayoyi ke haɗuwa, na ji ka ce tsawon kowace kada ya wuce mita ɗari, don haka za ka so tsakiyar gini. Ka nemi tsakiyar, amma kafin ka kafa ka tsaya ka tambayi kanka: ranar da abin nan ya lalace, wa zai zo gyara, ta wace ƙofa zai bi, makulli yana hannun wa? Za su ce ka sa a ofishin shugaban makaranta don tsaro. Ranar da ya tafi aikin Hajji da makulli a aljihu fa? Kada ka sa a ɗakin da mata za su riƙa salla, kada ka sa a ɗakin ajiyar kuɗi. Ka nemi ɗan wuri a kan baranda ko ƙarƙashin matakala, mai iska, wanda ruwa ba ya zuba, mai ƙofar kansa. Sannan ka tambayi waɗanda za su zauna a ɗakunan, ba mai ginin kaɗai ba. Mai shara ya san inda rufi ke yoyo. Malamin aji ya san inda zai juya teburinsa don rana, da kusurwar da zai shimfiɗa buzunsa. Ni na sha kafa soket a bangon gabas, in dawo in tarar an mai da wurin masallaci, tebur yana can yamma, waya ta ratsa tsakar ɗaki ana tuntuɓe da ita.

Wasu ƙanana, kafin in manta. Kada ka cika bututu taf. Duk mai gini da ya ce maka na'ura ashirin zai sa, ka ji talatin. Ka bar sarari, ka bar igiya a ciki wadda za a ja wata wayar da ita gaba, ka toshe bakin da takarda kada siminti ya shiga. Cikin silin kada ka bar waya tsirara, ɓera yana son ta fiye da gyaɗa. In za ka karya kwana, ka lanƙwasa a hankali, waya ba ta son a karya mata wuya.

Saura ɗaya, kuma wannan ba na hannu ba ne, na zuciya ne. Shekaru da yawa ba na rubuta komai a bakin wayoyina. Wace ta tafi wane ɗaki, duk a kaina suke. Ina cewa ƙwaƙwalwata ta isa. Gaskiyar kuwa ita ce ina jin daɗin a ce, "Ku nemo Malam, shi kaɗai ya san kanta." Ina so a riƙa nemana. Sai zazzaɓi ya kwantar da ni wata guda, layi ya lalace a wani babban ofis, abokin aikina ya buɗe akwati ya ga wayoyi arba'in iri ɗaya kamar taliya. Ya yi kwana biyar yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo duba ni bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Allah ya ba ka lafiya. In kuma ya ɗauke ka, don Allah ka bar mana kan." Muka yi dariya, amma na ji ta. Ka sa lamba a kowane bakin waya, nan da can. Ka zana taswira, ɗaya ka ba mai gini, ɗaya ka manna a cikin ƙofar akwatin. Aikin da ba ya tafiya sai kana tsaye a kansa bai gamu ba.

Na ɗauka na rabu da wannan hali tun tuni. Makon nan na gane yana nan. Maganar da goggonka ta kawo jiya ba sabuwa ba ce a wurina. Tun ranar Alhamis na ji ka ta katanga kana gaya wa injiniya a salula cewa mahaifinka ba shi da lafiya, a ɗan ƙara maka lokaci. Da na ji, daɗi ne ya kama ni. Kwana uku na yi shiru. In na ji motsinka a tsakar gida, tarin da zan iya haɗiyewa sai in sake shi da ƙarfi. Shekaranjiya ka kawo mini kunu na ce ba na iya sha, kana fita na shanye. Na yi istigfari, kuma ga shi na gaya maka, don kada ka auna ciwona da abin da kunnenka ya ji.

Ciwon na gaske ga shi. Ƙafa ta yi nauyi, ido ya rage, tarin yana zuwa yana tafiya, likita ya ce na tsufa ne da sanyin damina. Ba abin da zamanka zai rage ko ya ƙara. Kaɗaici akwai shi, ba zan ɓoye maka ba, tun rasuwar mahaifiyarka gidan ya yi mini faɗi. Amma na saba da shi, mun san halin juna. Masallaci taku arba'in ne, ina zuwa da sandata. Goggonka ba ta fasa aiko tuwo, ko da gishirinta ya yi yawa. Malam Jauro yana biyowa ranar kasuwa da ƙwaryar nono, mu zauna gindin darbejiya, yana zagina da Fulatanci ina rama masa da Hausa, har la'asar. Salular da ka saya mini na gane koren maɓalli, shi ke nan abin da nake bukata. Na yi aikina, na ga ƙarshensa, na ga ɗana ya ɗauki irinsa ya wuce ni. Wallahi ban san abin da zan roƙa a ƙara mini ba.

In kuma Allah ya ƙaddara wani abu kana can, to ka sani na yafe maka duniya da lahira, babu abin da ka rage ni da shi, kuma a bakin aikinka nake so labari ya same ka, ba a bakin ƙofata kana jiran tarin tsoho ba.

Saboda haka ba shawara nake ba ka ba a nan, umarni ne. Yau ka buga wa injiniya ka ce kana tafe. Gobe ka haɗa kayanka. Jibi Laraba ka bi motar farko, ka kwana a Bauchi, Alhamis da safe alli yana hannunka kana zagawa da birkila. Kwana tara ke nan kafin siminti, sun ishe ka in ba ka tsaya gaishe-gaishe ba. In na ji motsinka a gidan nan ranar Laraba da hantsi, to ka saɓa mini.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah ya tsare ka daga faɗuwar tsani da kamun wuta da sharrin mai sharri. Ya sa albarka a hannunka, ya sa duk abin da ka binne a bango ya zama ba ka jin kunyar a tone shi. Ka riƙe salla a kan lokaci. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.